An Rufe Gonar Rogo

Litinin, da yamma

Yau muka fara tonon gwaji na ƙarshe. Dogo, shugaban leburorin gona, ya riga ni isa, na tarar har ya jera saiwoyin a kan buhu kamar masu jiran a ɗauke su hoto. Layin rogon nan, wato irin da matan ƙauye suka sa wa suna Ba-jira, ya yi halinsa: wata bakwai kacal, saiwa kamar damtsena, ɓawo na salewa ba gardama. Shekara tara ke nan ina haɗa furen wannan da na wancan, in zubar da dubu in ajiye ɗaya, don in sami rogon da zai nuna kafin abinci ya ƙare wa mutane a gida. Wata mai zuwa za a fara raba itacensa ga manoma.

Na yanka guda goma don auna gari. Tara farare tas. Ta goman lafiyarta ƙalau daga waje, amma a ciki akwai tabo ruwan ƙasa, busasshe, mai tauri. Dogo ya ce, "Gara ce, Dakta." Na ce wataƙila. Gara ta waje take shiga, kuma tana barin ƙofa. Wannan ba ta da ƙofa.

Na sa ta a leda na kawo gida. Abban yara shi ne sufeton hukumar kare lafiyar shuke-shuke na yankinmu, sai na ce ya ɗan duba min kafin a zuba abinci. Ya juya ta a hannu, ya shinshina, ya ɗauko tabarau. Ya daɗe. Sannan ya tambaye ni ko na duba ganye, da kuma wane takalmi na shiga gonar da shi. Na nuna masa. Ya ɗauke shi da kansa ya kai bayan gida ya tsoma a bokitin magani.

Inna, mahaifiyata, tana kallonmu daga kan tabarma. Ta ce, "Ikon Allah. Rogo guda ya hana masu digiri biyu cin abinci."

Talata, da rana

Ya zo tashar bincike da motar ofis. Ya gaishe ni a gaban leburori, "Dakta, ina kwana," sai ka ce ba shi ya sha shayin da na haɗa ɗazu ba.

Muka bi gonar kunya-kunya. Ganyen sama kore shar. A na ƙasa abin yake, tsofaffin: wata rawaya tana bin jijiyar ganye, tana bazuwa kaɗan-kaɗan. Na sha ganinsu. Na ɗauka tsufa ne, don ganyen ƙasa dama haka yake yi kafin ya faɗi. Ya goge wani ɗanyen kara da yatsa, ga zane siriri ruwan ƙasa. Ya juya ganye, fararen ƙudajen nan ƙanana suka tashi kamar toka. Su ke ɗaukar cutar da yake zargi, mai ruɓar da saiwa, daga wannan tsiro zuwa na kusa da shi. Doguwar tafiya kuwa mutum ne ke yi mata, a cikin itacen da ya sara ya kai wata gona ya dasa.

Ya ɗebi ganye ya rufe a leda. Ya ce za a aika babban ɗakin gwaji, sakamako sai mako mai zuwa. Ba a taɓa ganin cutar nan a yankinmu ba. Ni ma a littafi na san ta, da hotunan da ake haskawa a taro.

Laraba, da safe

Jar igiya zagaye da gonar, kwaɗo a ƙofa. Makullin yana aljihun wandon da na goge jiya.

Alhamis, da hantsi

Ba abin da zai fita daga ciki, ko kara, ko ganye, ko fartanya. Wanda zai shiga sai da takalmin roba da riga ta musamman, in ya fito ya taka ruwan magani. Ni ma haka, kuma sai da ɗan rakiya daga ofishinsu. Leburori suna zaune a ƙarƙashin mangwaro ba aiki. Na ce su je su yi wa masara noma, ko da yake an yi mata shekaranjiya.

Na zauna a ofis na gyara teburina.

Juma'a, bayan azahar

Darakta ya kira taro. Tambaya ɗaya ake ta juyawa: ta ina ta shigo? Duk itacen da muka taɓa karɓa daga waje ɗan tsiro ne a kwalbar gwaji ya zo, an gwada shi, takardunsa suna nan. Wani ya ce iska ce ta kawo ƙudajen. Wani ya ce manyan motocin da ke wucewa ta bayan shinge. Mai binciken ƙasar noma, wanda tun da na sami kuɗin aikin nan bai yi min dariya ba, ya ce, "Ko dai wani ya yi tsaraba daga taron ƙasar waje?" Bai kalle ni ba. Kowa ya kalle ni.

Sannan ya ƙara da cewa ai ba damuwa, tunda sufeton na gida ne.

Darakta ya ce sufeto ya riga ya nemi a turo wani a madadinsa, hukuma ta ce babu wani, shi kaɗai ne a yankin. Ban san ya nema ba. A taro na ji.

Asabar, da yamma

Wanki. Auta ta kawo aikin makaranta a kan sassan tsiro, ta rasa wanda za ta tambaya a cikinmu, sai ta tambayi Inna. Inna ta ce mata tsiro sassa biyu ne, wanda ake ci da wanda ake ba akuya.

Abban yara ya wuni a falo yana waya ƙasa-ƙasa.

Lahadi, da rana

Ba labari.

Talata, da hantsi

Sakamako ya zo. Ita ce.

Talata, da yamma

Na koma na duba tun daga farko. Ba-jira, da 'yan uwansa, da iyayensu da na ajiye a kusurwar gabas, layi ɗari biyu da wani abu. Ba duka ne suka nuna alama ba. Amma cutar tana iya zama a cikin tsiro shiru, ganye kore, kara sumul, sai an dasa a wata gona ta bayyana. Na sani. Ni na koyar da wannan ga ɗalibai bara, har na sa shi a jarrabawa.

Umarni ya ce a tumɓuke duka, a ƙona a cikin gonar, kuma kada a sake sa rogo a wurin sai an ga hali. Hannun da ke ƙasan umarnin na san shi. Yana ja wa harafin ƙarshe wutsiya.

Laraba, da safe

Na jira har Auta ta tafi makaranta, Inna ta shiga wanka. Yana ɗaura agogo na ce, "Abban yara, kusurwar gabas ba ta nuna komai ba."

Ya ce, "Tana cikin igiya."

Na ce igiyar ai shi ya ja ta, ba daga sama ta sauko ba. Ya ce inda doka ta ce a ja, nan ya ja. Na ce kara ashirin kawai nake so, in sa a gidan raga, in rufe, ba ƙudan da zai shiga. Ya ce in ya bar min ashirin, da wane baki zai hana manomi ɗari?

Na ce, "Ni mijina na kawo wa rogon nan ranar Litinin."

Ya tsaya da agogon a hannu. Ya ce, "Da kin so in ce miki gara ce?"

Na faɗi wata magana daban, a kan ƙarin girman da yake jira. Ba zan rubuta ta a nan ba. Ya ɗauki jakarsa ya fita, shayinsa ko rabi bai sha ba.

Alhamis, da safe

Sauro ya dame shi a ɗaki, in ji shi. Ya kai matashinsa falo, inda sauron ya fi yawa.

Juma'a, da rana

Dogo ya same ni a bayan sito. Ya daɗe yana zagaye-zagaye a kan lafiyar Inna da tsadar taki, sannan ya ce shingen kusurwar gabas yana da wani wuri da waya ta saki. Ya ce ɗan uwansa yana da fili bayan rafi, ba kowa ke zuwa ba. Ya ce, "Kara goma, Dakta, a cikin buhun taki. Ni ban gani ba, ke ba ki ji ba. Shekara tara fa. Ni na dasa uwarsu da hannuna."

Idonsa ya yi ja. Na ce masa zan yi tunani.

Asabar, da yamma

Na yi ta lissafin abin. Kara goma, kowanne a yanka shida, sittin. In sun kama, baɗi ɗari shida. In ɗaya daga ciki yana ɗauke da ita, bayan rafin nan gonakin rogo ne har iyakar ganinka, kuma masu su ba su da albashi.

Na san amsar tun jiya. Amma na wuni ina lissafin.

Inna ta ce, "Ke, wannan shirun na gidan nan ya fara sa min ciwon kunne. In faɗa kuke yi ku yi shi da baki kamar mutane." Na ce ba faɗa muke ba, aiki ne. Ta ce ita ma ta yi aure, ta san irin aikin.

Lahadi, da hantsi

Na kira Dogo na ce a'a. Na ce kuma gobe ya ɗaure wayar shingen. Ya ce, "To, Dakta." Ya kashe kafin in yi sallama.

Litinin, da yamma

Abban yara ya yi tafiya tun asuba, bai ce ina ba. Inna ce ta gaya min ya ce kwana biyu zai yi.

Na zuba abincin mutum huɗu, na mayar da na ɗaya.

Laraba, da rana

Darakta ya kira ni ofis. Sufeto yana zaune a kujerar baƙi, rigarsa duk ta yamutse, da alama daga mota ya wuto. Darakta ya ce hukuma ta amince a ceci layi shida ta hanyar kwalba. Za a yanko kan tsiro a cikin gonar, a rufe a akwati, sufeto ya raka shi da kansa zuwa ƙaramin ɗakinmu na gwaji, kuma ɗakin zai zama a killace har sai an tabbatar. Ya ce sufeto ya nemi ashirin, aka ce masa ko ɗaya, suka kwana biyu ana ja, aka tsaya a shida.

Na ce na gode, Darakta.

Hikimar ita ce, can a ƙarshen toho akwai ɗan wurin da tsiro ke ƙirƙirar sabon jiki, bai kai ƙwayar gero ba. Yana girma da sauri har cutar ba ta cika cim masa ba. In ka yanko shi shi kaɗai, ka ɗora a kan abinci a cikin kwalba, wani lokaci yana tashi da tsabta. Wani lokaci kuma ya mutu, ko ya tashi da ita.

A baranda sufeto ya ce min, "Shida ne. Na so ya fi haka." Na ce na ji. Akwai mutane a wurin.

Alhamis, da yamma

Shida daga cikin ɗari biyu.

Ba-jira, ba sai an faɗa ba. Uwarsa, saboda ita ke jure fari. Mai rawayan ciki, saboda yana gina jikin yara. Daga nan na tsaya. Akwai wani layi da ba ya ba da yawa amma saiwarsa tana kwana biyar bayan tono ba ta baƙi, abin da masu kai wa kasuwa suka fi roƙona. Akwai wanda tsohon malamina ya bar min kafin ya rasu, ba shi da wani amfani na a-zo-a-gani, ɗaci ne da shi kamar me, ina ajiye shi ne kawai. Na tsaya a gabansa har ɗan rakiyar ya fara duba waya.

Ban ɗauke shi ba. Na ɗauki mai kwana biyar, da biyu daga kusurwar gabas waɗanda ƙuda ba ya son ganyensu.

Juma'a, da la'asar

Tun safe ina kan madubin ƙara girma. Ana ɓare ƙananan ganyen ɗaya bayan ɗaya da bakin allura, har a kai ga ɗan ƙullin mai sheƙi. Hannu ya yi rawa kaɗan, an murƙushe shi. Na yi goma-goma ga kowane layi. Wuyana ya ƙage.

Ta gilashin ƙofa ina ganin inuwar sufeto a kan benci. Aikinsa ne ya zauna har a gama. Da na fito ya rufe ƙofar ya manna takardar hukuma, ya miƙo min gorar ruwa. Na karɓa, don ƙishirwa nake ji.

Asabar, da yamma

An ƙona.

Ɗanyen rogo ba ya son wuta. Sai da aka tara shi tsibi-tsibi, aka sa busasshiyar ciyawa da man dizal. Hayaƙi fari, mai kauri, mai warin kore. Leburori suna tumɓukewa ba mai magana, su da ko rana ta raba sai sun tsokani juna. Dogo ya ce bayansa na ciwo, ya koma bakin ƙofa ya juya mana ƙeya.

Na ɗauka sufeto tsayawa zai yi da takarda yana ƙirga. Ya tuɓe rigar sama ya karɓi fartanya. Tun safe har la'asar yana cikin hayaƙin. Da aka zo kan Ba-jira ya ɗago ya dube ni, na gyaɗa kai, ya ci gaba.

Alamun layukan, ƙananan allunan da na rubuta da fenti, su ma suna cikin igiya. Su ne suka fi saurin ci.

Lahadi, da rana

Abban yara yana tari. Inna ta dafa masa citta da zuma ta ce in kai masa. Na ba Auta.

Litinin, da yamma

Abin da kowa ya sani kuma ba wanda ya faɗa a gabana: bara mun ba mata goma sha biyu na ƙauyen bayan dutse itacen Ba-jira su gwada a gonakinsu. Da izini, da sa hannun kowa. Su suka raɗa masa sunan. Shugabarsu, tsohuwar da kowa ke ce wa Iya, ta kira ni sau uku makon nan tana tambayar ranar rabo. Ban ɗauka ba.

Gobe sufeto zai je duba gonakinsu. Darakta ya ce ba dole ne in bi ba. Na ce ni na kai musu.

Talata, da yamma

Gona huɗu a cikin sha biyun sun nuna. Abin da ya ɗaure mana kai, tsohon rogonsu na gargajiya da ke gefe ya fi namu lalacewa, wasu saiwoyin sun ruɓe har tsakiya, irin ruɓewar da ba ta wata ɗaya ko biyu ba. Wani dattijo ya ce sun daɗe suna ganin haka, suna yanke wurin su ci sauran. Wani ya ce ƙarya ne, sai da aka kawo na gwamnati. Ko daga gare mu ta je musu, ko daga gare su ta zo mana, ko kowa ta same shi daban, ba wanda zai iya rantsewa. Na tambayi sufeto da ido. Ya girgiza kai.

Ya tara su a gindin bishiya ya yi bayani. Saiwar da ke da kyau a ciki za a iya ci, cutar ba ta kama mutum. A tono, a fere, a shanya a nan. Amma itace duka sai wuta, nasu da namu. Wata ta ce, "To baɗi mu dasa me? Takardarka?" Ya ce hukuma za ta kawo mai tsabta daga wani yanki. Suka yi irin dariyar da ake yi wa alkawarin hukuma.

Matan ba su san alaƙarmu ba. Ni Dakta ce mai kawo iri, shi kuma mutumin da ya zo da jar igiya. Iya ta ja ni gefe ta riƙe hannuna. Ta ce, "'Yar nan, ke mun san ki. Amma wannan busasshen, ina kuka samo shi? Dubi fuskarsa. Wannan ko a gidansa ba ya dariya. Allah ya ji ƙan matar da ke zaune da shi."

Na ce amin.

Ya ji. Yana tsaye bai fi taku kaɗan ba, yana naɗe igiya.

Laraba, da magariba

Mun koma da leburori da dizal. Mun tarar da maza a bakin gonar Iya, sun fi talatin, kowa da fartanya ko adda, wai sun zo aiki. Ba wanda ke aiki.

Sufeto ya sauka shi kaɗai ya yi sallama. Ba a amsa ba. Ɗan Iya, wani ƙato mai faɗin kafaɗa, ya ce ba mai taɓa gonar uwarsa. Sufeto ya fara bayanin jiya, da muryar nan tasa ta karanta doka, tari yana katse shi. Wani daga baya ya ce an biya shi ne don a kashe rogonsu a sayar musu da na kamfani. Wani ya ce ai irinsu ba su taɓa dasa ko barkono ba, ba su san zafin abin ba. Sai ɗan Iya ya cafki wuyan rigarsa. Maɓalli ya tsinke. Tabaransa ya faɗi ƙasa. Bai ɗaga hannu ba, bai ja da baya ba, ya dai ci gaba da cewa, "Ku yi haƙuri, ku saurare ni."

Ina cikin mata a gefe. Ban san lokacin da na ratsa ba. Na dai ji muryata tana cewa, "Sake shi. Mijina ne."

Duk suka juyo suna kallona.

Na ce, "Uban 'ya'yana ne. Ranar Asabar ya ƙona tawa gonar, aikin shekara tara, da hannunsa, ina tsaye. Na roƙe shi kara ashirin a cikin ɗakinmu ya hana ni. In akwai wanda aka biya a nan, to ni ban ga kuɗin a gidana ba." Na nuna musu hotunan a waya, toka da kututture. Wayar ta yi ta yawo hannu zuwa hannu.

Ɗan Iya ya sake shi, ya tsaya yana kallon hannunsa.

Iya ta matso da sandarta. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta dube ni. Ta ce, "Jiya da na yi addu'a kika ce amin."

Na ce, "Na ce, Iya."

Ta ce, "Ya ƙona miki gona, kuma kike ba shi abinci?"

Na ce, "Ina ba shi."

"Da gishiri?"

Wata ta fashe da dariya a baya, sai ta bazu. Iya ba ta yi ba. Ta sunkuya ta ɗauki tabaran ta goge da bakin zaninta ta miƙa masa. Ta ce, "Malam, itacen da ka ce za a kawo. Ba hukuma na tambaya ba, kai na tambaya. A gaban matarka." Ya ce in bai zo kafin ruwan farko ba, shi zai je ya ɗauko da kansa. Ta ce, "Kin ji shi." Na ce na ji, kuma na san inda yake kwana.

Ta shiga gonar, ta ajiye sanda, ta kama kara na farko da hannu biyu. Bai fita ba. Ɗanta ya zo ya kama mata.

Mun gama gona uku kafin rana ta yi sanyi. Matan suna fere saiwa a gefe, fari a wannan kwando, mai tabo a wancan. Farin ya fi yawa.

Alhamis, da safe

Abin da ban rubuta jiya ba.

A hanyar dawowa motar leburori ta yi gaba, mu biyu muna baya a tasa. Bayan mun wuce dutsen sai ya gangara gefen hanya ya kashe mota. Na ɗauka taya ce. Ya ɗora hannuwansa a kan sitiyari. Ya ce, "Maman yara, ba zan iya tuƙin nan ba."

Na ce ya sauko.

Da muka canja wuri ya ce, "Tun ranar da kika miƙo min rogon nan na san abin da ke ciki. Na yi ta addu'a a ce ban iya aikina ba."

Na ce maganar da na faɗa waccan Larabar, ta ƙarin girma, ba haka ba ne. Ya ce ya sani. Na ce duk da haka. Ya ce to.

Kafin mu hau kwalta ya yi barci, bakinsa a buɗe, wuyan rigar a yage. Na rage gudu saboda ramuka.

Asabar, da hantsi

Na leƙa kwalabe. Da yawa sun yi baƙi, dama an san za a yi haka. Na uwar Ba-jira duka sun tafi, ba ko ɗaya. A sauran layi biyar akwai masu rai. Uku daga na Ba-jira sun yi kore, ɗaya har ya fara buɗe wani abu da za a iya kira ganye in mutum yana da kirki. Sai sun yi wata uku kafin a gwada su, kuma gwajin zai iya cewa a zubar. In sun tsira, shekara biyu kafin in sami itacen da zan ba ko mutum goma.

Kwamitin gano ta inda cutar ta shigo ya zauna sau biyu, ya ɗage zama.

Dogo ya gaishe ni yau, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar Inna. Ya ce filin da aka ƙona, tokar ta yi kyau, zunubi ne a bar shi haka. Na ce wake za mu sa. Ya ce wane iri? Na ce ya kawo leburori Litinin da safe, mu fara ta da kunya.